Wace Ce Matar Da Ke Tallan Murhun Kawu?

Da hantsin wata Juma'a ne, cikin sanyin Disambar 2023. Kawuna yana tsugune a ƙofar shagonsa da ke bayan kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, hannunsa duk yumɓu, sai yaron shago ya kanga masa waya a kunne. Mace ce. Bayan gaisuwa ta ce murhun amarya take so guda biyu, kuma don Allah a haɗa ta da Hajiyar da ta yi bayani, tana da tambaya. Kawu ya ce mata murhu kam akwai, amma shi bai san wani murhun amarya ba, kuma babu Hajiya a shagon walda. Ta faɗi kuɗin da ta ji. Ya ce ai wannan tsohon farashi ne, tun kafin ƙarfe ya sake tashi. Suka rabu a kan ɓatan lamba ta yi.

Kafin a tafi masallaci, mata huɗu suka ƙara kira. Kowacce murhun amarya take nema, kowacce tsohon farashin ta sani, kuma biyu daga ciki sun tambayi Hajiya.

Bari in ɗan koma baya, don mai karatu ya san murhun da ake magana a kai. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, kuɗin komai ya yi ta hawa, kuma kafin shekarar ta ƙare gas ɗin girki ya fi ƙarfin gidaje da yawa. Mata suka jingine tukunyar gas a lungu, suka koma gawayi. Shi kuwa kurfotin da aka saba da shi ƙarfe ne zalla, zafi yana tsiyayewa ta kowane gefe, gawayi yana cinyewa kamar ana zuba masa kananzir, mace kuma tana tsugune da mafici har hannu ya sage. Kawu ya shekara talatin yana walda, ƙofofi da tagogi da gadaje. Wata safiya ya lura da tandar da matarsa, wadda muke kira Inna, take suyar waina a ciki: an janye wuta tun ɗazu, amma ba ta taɓuwa don zafi. A nan tunanin ya zo masa. Me zai hana a yi wa kurfoti ciki da ƙasa?

Na san ba shi kaɗai ya taɓa wannan tunani ba. A Kenya tun shekarun 1980 suke da murhun da suke kira jiko, ƙarfe a waje, gasasshen yumɓu a ciki, kuma su ma daga wani murhun mutanen Tailan suka ɗauko dabarar. Kawu bai taɓa jin labarinsa ba sai da na ba shi. Abin da nake girmamawa a wurinsa shi ne bai bar tunanin a tabarmar hira ba. Na farko da ya yi ya tsage a wutar farko. Na biyu ma haka. Ya ajiye girman shekarunsa ya tafi wurin masu ginin tukwane, suka nuna masa yadda ake cuɗa yumɓu da ɓuntun shinkafa, a shanya a inuwa, sannan a gasa. Ya huhhuda gindin da gawayi ke zama don toka ta riƙa zubewa, ya yi masa 'yar ƙofar iska mai zamewa daga ƙasa. Wata uku yana fasawa yana sakewa kafin ya sami wanda ya yarda ya sayar wa mutum.

Sai maganar talla ta taso, a nan ne uba da ɗa suka rabu. Taubashina, ɗan Kawu na biyu, ɗalibi ne mai wayo da waya. Ya buɗe shafi a Facebook, ya ɗauki bidiyon murhun yana tafasa ruwa, ya biya kuɗi don a tura shi gaban mutane. Kawu kuwa mutumin rediyo ne, irin waɗanda akwatinsu ke rataye a ƙusa daga asuba zuwa isha. Hujjarsa ita ce Bahaushe ya daɗe da amincewa da kunnensa: Sashen Hausa na BBC yana magana tun 1957, Rediyon Kaduna tun 1962, kuma tun da Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003 tashoshi masu zaman kansu suka yi ta ƙaruwa, har ya zama ba gidan da babu muryar da aka saba da ita. Ya kai kuɗinsa wata ƙaramar tashar FM, aka yi masa talla na sakan talatin, aka sa na mako biyu a watan Oktoba. Ciniki ya ɗan motsa, sannan ya kwanta. Taubashina ya ce rediyo ya tsufa. Kawu ya ce masu danna waya kallo kawai suka iya. Aka bar maganar a haka, har ranar waccan Juma'ar.

Da kiran ya ƙi tsayawa, kowannensu ya ce aikinsa ne ya nuna. Kawu ya aiko a kira ni. Ya ce, "Ɗana, kai ne mai biro. Ka gano mana ta inda ruwan nan yake shigowa, don kada mu toshe shi da hannunmu ba mu sani ba."

Na fara da taubashina, don nasa ne mai lissafi a rubuce. Muka zauna a kan benci, ya buɗe mini shafin. Facebook yana nuna wa mai talla shekarun waɗanda suka kalla, da jinsinsu, da garuruwansu. Mafi yawa samari ne, daga Kano da Kaduna da Abuja da Legas. Sun yaba, sun tambayi kuɗi, kaɗan suka saya. Na duba rubutun da ke ƙarƙashin bidiyon kalma bayan kalma, babu "amarya" a ciki, babu farashi, babu muryar mace, kiɗa kawai aka ɗora. Amma akwai abu ɗaya da ya tsaya mini a rai. Tun farkon Disamba, duk ranar Juma'a masu kallon bidiyon suna ƙaruwa, alhali ya daina biyan kuɗin turawa tun Nuwamba. Ya ce, "Ka gani ko, Yaya?" Na ce na gani, amma ban san ko bidiyon ne ke jawo kiran ba, ko kuwa abin da ke jawo kiran shi ne ke jawo bidiyon.

Daga nan na karɓi kwafin tallan rediyo na saurara sau uku. Namiji ne mai kakkausar murya, ya kira murhun da sunan shagon Kawu, ya ce mai inganci ne mai rahusa, ya karanto lamba da sauri, kiɗa ya rufe. Shi ma babu amarya, babu farashi, babu Hajiya. Na je tashar na tambaya ko sun ci gaba da sa shi, ko wata ma'aikaciyarsu ta sake karanta shi a wani shiri. Suka buɗe mini jadawalin tallace-tallace, ranar ƙarshe da aka sa shi tana cikin Oktoba.

A nan na gane kuskuren da muka yi tun farko, kuma kuskure ne da 'yan kasuwarmu da yawa suke yi. Lamba ɗaya aka sa a rediyo, ita aka sa a Facebook, ita ce kuma rubuce a jikin shago. Duk wanda ya kira, ba yadda za a san ƙofar da ya biyo. Masu talla a jaridun Amurka sun warware wannan matsala tun sama da shekara ɗari: sai su sa wa kowace jarida wata 'yar alama dabam a adireshin da za a aiko da oda, in wasiƙa ta zo a san wace jarida ta kawo ta. Ɗaya daga cikinsu, Claude Hopkins, ya yi bayanin dabarar a littafinsa na 1923. Mu ba mu yi ba, don haka sai mu tambaya da baki. Na sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, na ja layi uku, na ce duk wadda ta kira a tambaye ta daga ina take, a ina ta ji, kuma me aka ce.

Mako uku muna cika littafin, ni da yaron shago. Da na zauna na tattara, abubuwa uku suka fito fili. Masu kiran kusan duk daga gabas maso arewa suke: Gumel, Maigatari, Sule Tankarkar, da ƙauyukan da ke tsakani. Wasu lambobin ma da +227 suka fara, wato daga Nijar, ta ɓangaren Damagaram, alhali iyaka tana rufe tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Na biyu, kiran yana taruwa ne daga daren Alhamis zuwa azahar ɗin Juma'a, sauran kwanaki sai jefi-jefi. Na uku, in aka ce a ina kika ji, amsar da ta fi yawa ita ce, "A rediyo mana." In aka ce wace tasha, sai a ce, "Wadda muke ji." Kaɗan suka ce a wayar maƙwabciya.

Da Kawu ya ji Gumel sai ya yi shiru. 'Yarsa ta fari can aka kai ta, bayan damina aka yi bikin, kuma ya sa mata murhu ɗaya a kayan ɗaki. Nan take ya kira ta. Ya ce, "Ke, kina yi mana talla ne a garin naku?" Ta ce, "Wallahi Baba ban yi wa kowa talla ba, ni ko ƙofar gida ban fara fita ba." Muka yarda da ita, don ba ta ƙarya, kuma ko hankali ma ba zai ɗauka ba a ce amaryar da ba ta gama sanin maƙwabta ba ita ce ta kai labari har ƙetaren iyaka. Muka soke wannan layin. Daga baya ne na gane tambayar ce muka yi ba daidai ba.

Saura batun rediyo. Kawu ya kafe cewa tasharsa ce, wai ƙila can suka ji tun Oktoba sai yanzu suka sami kuɗi. Wannan abu ne da ake iya gwadawa. Zangon FM miƙe yake tafiya kamar hasken tocila, iyakarsa inda tsayin turken tasha da ƙarfin na'urarta suka kai. Matsakaicin zango da gajeren zango su ne masu dogon tafiya, musamman da dare, saboda wani rufi da ke can sama yana maido da su ƙasa. Shi ya sa Hausawan Kamaru da Chadi da Gana suka yi shekara da shekaru suna kama Kaduna. Ranar wata Alhamis da sassafe na ari akwatin Kawu, na shiga motar Gumel a tashar Yankaba, na kamo tashar da ya yi talla, na rungume shi a cinya. Har Gezawa tana fita tar. Da muka ƙara gaba ta fara shaƙewa, tana zuwa tana ɗaukewa, kafin mu yi rabin hanya ta koma shuuu. Daga Kano zuwa Gumel ya haura kilomita 100. Ko kusa muryar ba ta isa.

Abin da ya rage a zuciyata shi ne zato mai muni. Na ɗauka wani ne ya kwaikwayi murhun, yana tallansa da amsa-kuwwa a kasuwa, ya haɗa da lambar Kawu don a ce na Kano ne. Alhamis kuwa ita ce ranar kasuwar Maigatari, babbar kasuwar dabbobi da ke bakin iyaka, kuma wannan ya dace da abin da littafinmu ya nuna. Na wuce can. Na zaga layin maƙera, na zaga masu kayan girki, na tsaya wurin masu baro da amsa-kuwwa ina sauraro, maganin basir ne da maganin ɓera da takalma. Kurfoti na gani iri-iri, babu ko ɗaya mai yumɓu a ciki.

Wajen la'asar, ƙafa ta gaji, na zauna a rumfar wata dattijuwa mai shinkafa da wake. Na tambaye ta, ba tare da wani fata ba, ko ta taɓa jin murhun amarya. Ta ce, "Af, ɗan nan, ai yau ne ma ranarsa. Zauna." Ta miƙa hannu ta murɗa ƙaramin akwatin da ke rataye a jikin rumfa. Shirin mata ne na wata tashar da ake kamawa a wannan yanki, duk Alhamis da yamma. Aka yi gaishe-gaishe, aka yi maganar tarin yara a lokacin hunturu, sannan mai gabatarwa ta ce, saboda roƙon masu sauraro, ga saƙon uwar amarya nan kuma. Ga kukan shanu, ga janareto, ga hon ɗin manyan motoci, ban iya jin fiye da gutsure-gutsure ba. Muryar mace ce dattijuwa, tana magana a nitse, a bayanta ana daka. Sau biyu na ji ta ce, "Kina ji na ko?" Gabana ya faɗi, amma na hana kaina yanke hukunci, don iyaye mata da yawa haka suke faɗa.

Washegari na nemi tashar. Mai gabatar da shirin ta karɓe ni da mutunci. Ta ce ba talla ba ne, ba wanda ya biya ko sisi. Wata ma'aikaciyar lafiya ce ta turo mata a WhatsApp, ta ce ya kamata kowace mace ta ji wannan kafin sanyi ya tsananta. Ta nuna mini saƙon a wayarta, da 'yar alamar kibiya biyu a samansa, wadda WhatsApp ke sa wa saƙon da ya bi hannu biyar ko fiye. Saƙon da aka tura ba ya ɗauke da sunan wanda ya fara yin sa, don haka ita ma ba ta san mai muryar ba. Na ce ai akwai lamba a ciki, me ya hana ta kira? Ta ce ta kira tun kafin ta sa shi, wani yaro ya ɗauka ya ce mata nan shagon walda ne, babu wata Hajiya. Ashe kiran da muke ɗauka na farko ba shi ne na farko ba.

Ta rufe ƙofar ofis, ta kunna mini shi daga farko. Minti huɗu ne da 'yan kai.

"Amarya, kina ji na ko? Murhun nan da Babanku ya sa miki a kaya, kada ki cika shi da gawayi kamar girkin gidan biki. Cikin tafi biyu ya ishe ki shinkafa da miya. Ki buɗe 'yar ƙofar nan ta ƙasa, ki juya ta wajen iska, ki tafi ki yi shararki, ba sai kin fifita ba. In tukunya ta tafasa ki tura ƙofar, ki bar kamar faɗin yatsa. In kin sauke ki rufe ta ruf, ki kifa kwano a sama, ragowar gawayin gobe ki dama koko da shi. Kada ki watsa masa ruwa, ƙasar za ta tsage. Sannan abin da na fi so ki riƙe, ga sanyi nan tafe. Ko da wasa kada ki shiga ɗaki da shi ki rufe ƙofa don jin ɗumi. Gawayi yana da wata iska da ba a gani, ba a jin warinta, mutum barci kawai zai ji yana ɗibarsa. Kina ji na ko?"

A ƙarshe ta ce in wata ta gani tana so, ga lambar shagon Babanku, ta karanto ta a hankali sau biyu, ta faɗi kuɗin. Kafin saƙon ya yanke aka ji ƙarar ƙyauren gida, wani ƙiii mai tsawo da na sani tun ina yaro, don Kawu mai walda ne amma bai taɓa gyara ƙyauren gidansa ba. Inna ce.

Na koma Gumel na sallama a gidan amarya. Wannan karon ban ce talla ba. Na ce, "Saƙon da Inna ta turo miki a kan murhu, wa kika ba?" Ta rufe baki da hannu. Ta ce a makon da ta tare, wata maƙwabciya ta shigo ganin ɗaki, ta ga murhun, ta tambayi yadda ake amfani da shi. Ita kuma ta ga ba za ta iya bayani kamar Inna ba, sai ta kunna mata. Matar ta ce, "Turo min, in sake ji a gida." Shi ke nan abin da ta yi. Muka aika aka kira maƙwabciyar, ta ce ita kuma a zauren WhatsApp na 'yan Islamiyyarsu ta sa shi, saboda maganar rufe ƙofa, don an taɓa yin irin wannan rashi a danginsu. Daga can ya yi ta yawo hannu zuwa hannu har ya isa asibiti, daga asibiti ya hau iska.

A motar dawowa na yi ta juya abin, ina neman dalilin da ya sa saƙon da ba a yi don kasuwa ba ya yi abin da tallan kuɗi ya kasa. Babban dalilin, a ganina, yana cikin kalmar farko. Inna ba ta faɗin sunan 'yarta, don 'yar fari ce, kuma alkunyar 'yar fari ba ta bar uwa ta kama suna ba. Da aka yi aure sai ta koma ce mata Amarya. Da ta ambaci suna, da saƙon ya tsaya a gida ɗaya. Da yake ba ta ambata ba, duk amaryar da ta ji sai ta ji kamar da ita ake, duk uwar da ke shirin aurar da 'ya sai ta ji an ari bakinta. Ga shi kuma bayani ne, ba kirari ba. Tallan da muka biya cewa ya yi murhun mai inganci ne, ita kuwa cewa ta yi cikin tafi biyu, faɗin yatsa, kifa kwano. Na tuna cewa tallan da ake yawan kira na farko a tarihin rediyo, wanda tashar WEAF ta New York ta watsa ranar 28 ga Agustan 1922, shi ma ba waƙa ba ce, jawabi ne na kusan minti goma a kan wasu gidajen da wani kamfani ya gina a unguwar Jackson Heights. Gargaɗin nata kuma gaskiya ne tsantsa. Iskar da take nufi ita ce likitoci ke kira kabon monoksaid, wadda gawayi ke fitarwa in yana ci a inda iska ba ta wadata ba, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Mai son ya sayar maka da kaya ba ya faɗa maka ta inda kayan zai cuce ka, uwa ce ke faɗa, kuma mata sun gane bambancin tun daga sautin murya.

Amma da na sake buɗe littafinmu da sabon ido, sai na ga uba da ɗa kowa yana da rabonsa a ciki. Macen da ta ji saƙon ranar Alhamis da yamma tana so ta ga abin da idonta. Da dare sai ta sa ɗanta ko maigida ya rubuta "murhun gawayi" a Facebook, bidiyon taubashina ya fito, shi ne hawan da muke gani duk Juma'a. Waɗanda suka kira aka tura musu bidiyon ta WhatsApp kuwa, da wuya ka ga wadda ba ta saya ba. Ranar Juma'ar ma ba banza ba: maigida ya ci kasuwa jiya, akwai kuɗi a aljihu. Sai kuma maganar amana. Mace a ƙauye ba za ta tura kuɗi zuwa lambar da ba ta sani ba, ana tsoron damfara. Direba take ba, ta ce in ya shiga Kano ya duba. Direbobi uku na tambaya a Yankaba yadda suka san shagon, biyu suka ce sun taɓa jin sunansa a rediyo wajen Oktoba, suna jiran lodi. Ashe tallan Kawu bai faɗi ƙasa banza ba, kunnen da zai ɗauki saƙon ya shiga.

Saura abu mafi nauyi, gaya wa Inna. Ra'ayina har yau shi ne ya kamata mai shirin ta jira ta sami mai muryar kafin ta sa ta a iska, ko da niyyarta kyakkyawa ce, don maganar uwa da 'yarta ba kayan kowa ba ce. Na faɗa mata haka, ta karɓa, daga baya ma ta kira Inna da kanta ta ba ta haƙuri. A daren da na dawo muka zauna a tsakar gida, Kawu da taubashina da ni, na kunna saƙon. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska tun daga kalmar farko, ba ta buɗe ba har ya ƙare. Aka daɗe ba wanda ya ce komai. Sannan ta ce, daga cikin mayafin, "Sun dai ji batun rufe ƙofar ko?" Na ce sun ji, Inna, shi ne ma ya sa ya yaɗu. Ta ce, "To, in don wannan ne, a bar shi."

Kawu ya sa aka bi duk matan da ke cikin littafin waɗanda aka ce wa ɓatan lamba suka yi, aka kira su ɗaya bayan ɗaya, ya sayar musu a tsohon farashi duk da ba riba a ciki. Ya ce maganar gidansa ce ta fita, ba zai ƙaryata ta ba. Ya sa aka rubuta "Murhun Amarya" a jikin shago, taubashina ya canza sunan shafi zuwa haka, ya cire kiɗan da ke kan bidiyon ya ɗora bayanin Inna da izininta, an yanke farashi an bar gargaɗi. Aka sayi layi uku, ɗaya na rediyo, ɗaya na intanet, ɗaya na jikin shago, kuma an koya wa yaron shago cewa duk wanda ya kira da tambayar da bai gane ba, ya rubuta ta kafin ya kashe waya. Kawu ya je tashar da ta sa saƙon Inna ya sayi lokaci da kuɗinsa a cikin shirin Alhamis. Mutanen Damagaram kuwa ya ce su yi haƙuri, ba zai bi ta bayan gida ba, sai da Najeriya ta buɗe iyakarta a watan Maris na 2024 sannan aka fara kai musu nasu.

Tsohon saƙon yana nan yana yawo, ba mai iya kamo shi. In ya iso wayarki, 'yar'uwa, kada ki riƙe kuɗin da aka faɗa a ciki, ya daɗe da canzawa. Ki dai riƙe abin da Inna ta fi so a riƙe: komai tsananin sanyi, kada ki kwana da garwashi a ɗaki rufe, kuma ki gaya wa maƙwabciyarki.